Safiyar Da Arewa Ta Ɓata a Agege

Na manta rabin abin da ya same ni a Ikko, amma ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tayar da alƙiyama a Agege ba.

Lokacin ba a daɗe da canja fam da naira ba. Ina da ɗan shagon ɗinki a gefen layin dogo, da benci da ba ya rabuwa da 'yan hira. Biyu daga cikinsu ne suka jefa ni cikin wannan rigima. Malam Iro, malamin firamare, ya zo mana da labarin wai duniya tana da maganaɗisu a cikinta, shi ke jan allurar kamfas zuwa arewa, kuma duwatsun ƙarƙashin teku sun nuna ya sha juyewa, arewarsa ta koma kudu. Ya ce abin a hankali yake faruwa, sai an shafe dubban shekaru, kuma rana ba ta canja mafita.

Bala Sela, wanda kullum yake mana labarin jiragen ruwa na Apapa, ya yi tsaki, yana sirka Hausarsa da Yarabanci kamar kullum.

"Malam, bar wannan karatun yaran, jare. Wani Bature ya faɗa mini a jirgi, masanan nan ɓoye gaskiya suke. Rana ɗaya duniya za ta kife kamar tukunya, teku ya zubo mana a ka. Alamar farko, kamfas zai haukace. Kashegari rana ta fito daga yamma!"

(Daga baya na gane dako Bala yake yi a bakin tashar, ƙafarsa ba ta taɓa wuce tsanin jirgi ba.)

Bayanin Malam Iro ya fi hankali, amma na Bala ne ya shige ni. Duk Musulmi ya san idan rana ta fito daga yamma an rufe ƙofar tuba, ga mu kuma teku na maƙwabtaka da mu. Na koma ko tuwo ba ya yi mini daɗi. Kullum da safe sai na leƙa na tabbatar ta ina rana ta ɓullo kafin na hau keken ɗinki. Amma a bainar jama'a, ni ne gwanin bayani. Abin da na tsinta a bakin mutanen nan biyu nake haɗawa na juye wa masu kawo ɗinki, har aka fara cewa Tela ya san kamfas.

Ana cikin haka mahauta suka tashi gina masallaci kusa da mayanka. Babbansu, Alhaji Ɗanjuma, ya zo da kamfas daga Makka, mai gidan ƙarfe, amma ba wanda ya iya shi. Malam Iro ya tafi hutu gida. Sai aka aiko a kira ni na fitar da alƙibla. Alhajin nan kuwa shi ne mahaifin Rabi, yarinyar da nake nema. Kawuna ya kai gaisuwa, an ce za a yi shawara. Ni ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba, in na hango shi sai na tuɓe takalmi tun daga nesa. Na ce yau ce ranar da zai san wa zai ba 'yarsa.

Na share shago da sassafe, na tsince alluran da suka zube, na zura babbar rigata mai aljihu a ƙirji. Damina ce, hadari ya rufe sama, ba alamar rana. Na tarar da dattawa, da magina riƙe da igiya, da Bala a gaba-gaba. Aka ɗora kamfas a kan kujera. Na tsaya ina kallon wajen da jirgin ƙasan Kano yake nufa, don kowa a Agege ya san nan ce arewa, nan ne gida. Na sunkuya.

Jan bakin allurar ya juyo ya kalli kudu.

Na murza ido. Na koma ta gefe, allurar ta biyo ni. Na zaga, ta zaga. Bala ya leƙo, ya dafe kai.

"Innalillahi! Na faɗa muku, abi ban faɗa ba? Ta kife!"

Wurin ya yamutse. Kowa ya ɗaga kai yana neman rana, babu ita gabas, babu ita yamma. Wani tsoho ya fara salati da ƙarfi. Wani ya rungume abokin gabarsa yana neman gafara. Maginan Yarabawa ba su ji Hausa ba, amma ganin fuskokinmu suka yar da igiya suka ranta a na kare. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, har ƙarar teku na dinga ji a kunnena.

To, mai hankali a wannan hali istigfari zai kama. Ni kuwa abin da ya faɗo mini shi ne zan mutu tuzuru. Ban san lokacin da na zube gaban Alhaji na riƙe ƙafarsa ba, a gaban dukan dattawan unguwa, ina kuka wiwi.

"Baba, don Allah a ɗaura mana aure da Rabi yanzu! Ga liman nan, ga shaidu! Kada rana ta fito ban aure ta ba!"

Har mai salati sai da ya dakata. Na miƙe a gigice don na ɗauko kamfas na nuna masa hujja. Ina sunkuyawa, sai ji na yi ƙwas! Kamfas ya yi tsalle ya manne a ƙirjina. Na miƙe tsaye yana lilo a jikin aljihu kamar lambar soja.

Alhaji ya zura hannu a aljihun, ya zaro maganaɗisun tsohuwar lasifika da nake tsince allurai da shi, allurai sun yi masa gashi. Ya ɗaga shi kowa ya gani. (Ni da na yi wata guda ina wa mutane wa'azin maganaɗisun duniya, na manta da na shagona.) Kamar da gayya, sai hadari ya yage, rana ta leƙo ta inda ta saba.

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a Ebute Metta. Bala ya sulale. Alhaji bai yi dariya ba, ya dube ni sama da ƙasa.

"Yaro, je ka tsaya can bayan rijiya. Idan mun gama da alƙibla ma kira ka."

Na rufe shago na ɓuya, ko kawuna ban iya kallo ba. Na riga na fid da rai da Rabi, sai ga saƙo. Alhaji ya ce wayo dai ba ni da shi, amma wanda ya ga tashin duniya bai tuna kekensa ba sai Rabi, ya ba shi ita.

Har yau a Agege Tela Alƙiyama ake ce mini, jikokina sun ɗauka sarauta ce. Ni dai na koyi darasi: kafin ka sanar da jama'a duniya ta kife, fara laluba aljihunka. Rabi kuwa ba ta yarda na koya ba, don duk ranar da na shigo gida da babban labari, sai ta miƙo hannu ta ce na fara zazzage riga.