Rasuwar Allon Injin Ƙyanƙyasa, Wanda Aka Hana Wa Ɗan Share Fage

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido da ya yi ja saboda kallon waya, Injiniya na sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar ƙaramin allon kwamfutar da ke kula da injin ƙyanƙyasar ƙwan surukarsa. Ya cika ranar Talata da hantsi, a kan teburin shagon Injiniya, a hannun mai shagon.

Marigayin bai fi tafin hannu ba, amma shekara huɗu yana riƙe da zafin injin daidai, yana juya ƙwai a kan kari, bai taɓa neman ko sannu ba. In an kunna shi sai ya yi shiru na daƙiƙa uku, sannan ya ce "ɗit-ɗit". Laifinsa ke nan a duniya, daƙiƙa ukun nan.

A cikinsu ne wata 'yar manhaja, wadda Injiniya ke kira ɗan share fage, take fara tashi. Ita ke shirya ma'ajiya, ta saita agogo, sannan ta taso babbar manhajar, wato kanel, ta kama aiki. Injiniya, da yake Allah ya hore masa ilimi fiye da buƙata, ya ce wannan ɓata lokaci ne, kanel ba jariri ba ne da sai an tashe shi. Matarsa ta ce, "Don Allah ka bari ƙwan Mama ya fashe tukuna, saura kwana biyu fa." Ya ce, "Ke dai tsaya ki ga aiki."

Ta kuwa gani. Ya goge ɗan share fage, ya ɗora kanel a gurbinsa, ya kunna. Kanel ya farka ya tarar ba a shirya masa komai ba, ya koma barci. Sai a lokacin Injiniya ya tuna cewa ta hannun wanda ya goge ɗin ake shigar da gyara. An cire wuta an mayar, an hura, an danna, har an ɗan mare shi. Ko "ɗit" guda bai ƙara ba.

Ya rasu ya bar ƙwai ɗari da ashirin, da fanka ɗaya, da suruka da ta riga ta yi wa mutane alkawarin 'yan tsaki, wadda har yanzu take yi wa surukinta kirari a gidan biki. Ba a faɗa mata ba, kuma duk wanda ya faɗa, shi da Allah.

Za a binne marigayin a aljihun tebur na ƙasa, kusa da 'yan uwansa biyar da suka riga shi ta irin wannan hanya. Sai dai an ɗaga jana'izar zuwa jibi, domin mai makoki ba ya iya tashi. Yana tsugune gaban injin da ma'aunin zafi a hannu, yana kunna fitila yana kashewa, yana juya ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Masu gaisuwa su tsaya daga waje, kada a buɗe ƙofa iska ta shiga.