Ranar da Rauta Ta Ce Ba Ta San Lirwanu Ba

"Ni da rauta? Tari kawai nika yi, intanet ta natsu," in ji Lirwanu, wanda ya raɗa wa kansa Injiniya bayan wani ɗan kwas a Gusau.

Alhaji Ɗalhatu mai kafen intanet a Gummi ya ji, ya kira shi. Samari sun janye masa intanet da saukar da fina-finai, ga shi ranar ce ta ƙarshe ta rajistar jarrabawar shiga jami'a. Cikin masu jira har da 'yarsa Zinatu. In yau ta wuce ta, sai baɗi.

Rauta, abokina, na'urar da ke raba intanet, mai gadi ce marar wayo. Dokoki ake jera mata, ta karanto daga sama. Wadda ta fara dacewa da kai, ita ce hukuncinka. Wanda ba a ambata ba kuwa, korarsa take yi.

Gogan naka ya rubuta "kowa ya wuce" a sama, "ban da fim" a ƙasa.

"Injiniya, wanga yaro hwa Indiya yaka kallo."

"Ɗumi taka yi, Alhaji."

Sai ya goge "kowa ya wuce". Fim ya tsaya. Komai ma ya tsaya.

"Baba, shafin ya tahi," in ji Zinatu, idonta ya ciko da ƙwalla.

"Tsaro na ya yi ƙarhi," in ji Lirwanu Sarkin Kwaɓa. Ya ƙara doka cewa kwamfutarsa kaɗai za ta taɓa rauta, amma ya kuskure lambar kwamfutar. Nan take ta watso shi waje.

"Mi ta ce?" in ji Alhaji.

"Ta ce... ba ta san ni ba."

Yana cikin sharce gumi, man janareta ya ƙare. Da aka zuba aka tayar, rauta ta farka garau yadda take a da, don Injiniya ya manta bai adana ko doka ɗaya ba. Alhaji ya kori 'yan fim da bakinsa, Zinatu ta tura rajistarta.

Lirwanu ya gyara hula. "Kun gani? Dabara ta."

"Awo, ni ma na koyi aikin," in ji Alhaji. Ya kira Bature mai gadin shago.

"Bature, riƙe dokoki, kuma daga bisa za ka hwarawa. Ta hwarko: ban da Lirwanu. Ta biyu: kowa ya wuce."