Nomau da Ledar Kindirmo

A ƙauyen Tudun Gawo akwai wani mutum ana ce masa Nomau, wanda in ka ce ya jira ka, sai ka dawo gobe ka same shi a tsaye. Yana zaune da yayarsa Kande, wadda mijinta ya rasu ya bar mata shanu biyu. Da kindirmon shanun nan suke rufa wa kansu asiri.

Wata rana Kande ta ƙulla kindirmo a leda, tunda mutanen yanzu sun raina ƙwarya. Ta ce wa Nomau, "Kai kasuwa, kar ka dawo mini da ko ƙulli ɗaya." Aka sayi rabi, sauran kuwa Nomau ya zube su a bakin turke. Babbar saniyar ta haɗiye su har da ledar. Bayan 'yan kwanaki ta kumbura ta faɗi, mahauci ya ciro dunƙulen leda daga tumbinta. Kande ta yi kuka har muryarta ta dushe. Nomau ya ji tausayinta ƙwarai, amma ya rasa inda laifinsa yake.

Wata rana cikin ɓacin rai ta ce, "Kwashe duk mazuban nonon nan ka binne." Ya binne leda da roba da gwangwani, har da ƙwaryar da ta gada wurin uwarsu. Sai bayan damina ta gane har da ƙwaryar ya binne, ta sa ya tono. Ƙwarya ta ruɓe, gwangwani ya yi tsatsa, leda da roba kuwa kamar jiya aka saka su.

"Yaya, ƙasa ta ƙi cin su."

"Ta fi saniyata wayo," in ji Kande.

Wata rana, don tsoron rasa saniyar da ta rage, ta ce, "Duk ledar da ka sayar da nono a ciki, ka dawo mini da ita." Nomau ya riƙa bin masu saye har gida, ya tsuguna a zaure sai an shanye an miƙo masa leda. Har gidan makoki ya bi wata tsohuwa. Mutane suka gaji da shi, kowa ya koma zuwa da kwanonsa ko ƙwaryarsa, leda ta ragu a gari.

Kande ta shafa wuyan saniyarta, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Da tun bara ka yi wannan wautar, Nomau, da yau biyu nake tatsa."