Duna Ya Ƙi Abincin Buhu

Mu uku maigidana ya bari a gidan nan: ni, da ƙanensa Barmo, da karensa na farauta, Duna. Barmo ya haura arba'in, amma abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Duna kuwa tun ranar da aka fita da gawa ya daina ci.

'Yarmu Zulai ta koma Kaduna bayan addu'ar uku, sai ga buhu ta aiko. Wai abincin kare. Karen da ya girma da ƙanzo! Ta kira Barmo a waya: "Baffa, yanzu an waye. Ku riƙe shi kamar ɗan gida."

Wata rana masu ta'aziyya suna zaure, Barmo ya zaunar da Duna kan tabarma kusa da liman, ya ce, "Ga ɗan gida, ku yi masa gaisuwa." Liman ya tattare riga ya fice, ko addu'a bai shafa ba.

Na ce, "Barmo, kana da hankali kuwa?"

"Zulai ce ta ce."

Wata rana Zulai ta ce a bi abin da ke jikin buhun. Barmo bai iya karatu ba, sai ya bi hoto: kare kan ciyawa, ga jan kwano. Ya ɗauke jan kwanon aurena, ya saɓi Duna har fadama. Duna ya kawar da kai, awakin mutane suka cinye, kwano ya dawo a lotse.

Wata rana Duna ya kasa tashi. Barmo ya tsaya a kaina da buhu. Na daka masa tsawa: "Rabu da ni! Ka ba shi yadda yayanka ke ba shi!"

Jim kaɗan na ji fito a tsakar gida, irin na marigayi. Na fito na tarar da Barmo cikin rigar farautar maigidana, wadda ko ni ban taɓa ba tun rasuwar. Ya tsuguna, ya gutsiri tuwo ya ci, ya miƙa wa Duna sauran. Na zari muciya zan kwaɗa masa.

Duna ya ɗaga kai. Ya daɗe yana shinshina hannun rigar. Sai ya karɓa.

"Yaya ba ya ba shi sai ya fara ci," in ji Barmo. "Ba ki sani ba?"

Shekara tara karen nan yana gidana, ban sani ba. Na ajiye muciya, na ce ya ƙaro tuwon.