Bohol Ɗin Alhaji Haladu Ya Sha Kwana

Duk wanda ya taɓa zama a majalisarmu ta gindin dalbejiya, nan bakin tsohuwar tasha a Funtuwa, ya san Alhaji Haladu Fatakwal. In ma bai san shi ba, to ya ji muryarsa, domin Alhaji ba ya magana da mutum ɗaya. In ya buɗe baki, har masu faci na tsallaken titi suna cikin darasi. Shekara ashirin da 'yan kai ya yi a kudu, yana aiki a wani ƙaton kamfanin Turawa mai yi wa masu rijiyoyin mai hidima. Ba zan kira sunan kamfanin ba, don ko shi Alhajin sai ya cire hular da ke kansa ya duba kafin ya faɗa. Yau su haɗiye wani kamfani, gobe wani ya haɗiye su, jibi a ɗaura musu aure da na wata ƙasa, kowane karo kuma a sake suna, a raba sabbin huluna. Da ya yi ritaya, buhu guda na huluna ya dawo da shi gida, kowace da tambarinta.

Tarihin kamfanin kuwa a kan harshensa yake. Wai wani maƙeri ne a can Amurka ya fara shi a 'yar rumfa, yana wasa wa masu haƙar mai bakin ƙarfensu. Ran Litinin maƙerin nan maraya ne, ran Alhamis gurgu ne, in kuwa an yi sa'a an kawo shayi mai kauri, sai ya zama maraya kuma gurgu. Ƙasashen da kamfanin ke aiki a cikinsu su ma ƙaruwa suke da yawan masu sauraro. Ranar da aka yi ƙarancin fetur, wani ya ce masa, “Alhaji, ku da kuke da mai, a sam mana ko galan ɗaya mana.” Sai ya dube shi da tausayi.

“Kai yaro, mu ba mu da mai ko cokali. Mai rijiya daban, mai aikin rijiya daban. Mu kamar wanzami muke: kan ba namu ba ne, askar ce tamu. A kira mu mu haƙa, mu auna, mu zuba siminti, mu kwashe kayanmu mu yi gaba.”

Da ya tsaya iya nan, da babu labari. Amma Alhaji yana da wani darasi da ya fi ƙauna, wato yadda suke lanƙwasa rijiya a ƙarƙashin ƙasa. Ya ce injin haƙa yana nan Funtuwa, amma su tuƙa bakin ƙarfen a ƙasa ya sha kwana, ya bi ta ƙarƙashin gonaki da gidaje, ya je ya tsotso man da ke kwance a Bakori, mutanen Bakori suna barci abinsu. In muka ce ƙarfe ai ba ya lanƙwasuwa, sai ya yi dariya ya ce ba mu san komai ba, bututun ƙarfe in ya yi tsawo laushi yake kamar taliya. Lakar da suke turawa cikin ramin kuma dole kaurinta ya zama na miyar kuɓewa, kada ta yi tsululu, kada ta daskare. Can ƙasa zafi ne irin na tanda. Ni dai duk ranar da aka yi wannan darasi da yunwa nake tashi. “Da hannun nan nawa,” in ji shi, yana ɗaga hannun dama, “na lanƙwasa abin da ba zai ƙirgu ba.”

To, ana nan sai matarsa, Hajiya Lantana, ta sa aka haƙa bohol a gidan. Ita ce mai sana'ar ƙanƙara da zoɓo a layin, ruwan 'yan garuwa kuma ya ishe ta da laka da tsada. Aikin nata ne, masu haƙar ma ƙanenta ne ya kawo su daga Zariya. Amma ranar da motar ta iso, sai ga Alhaji ya fito cikin jar rigar aiki mai haɗe da wando, da hular kwano, da takalmi kamar na soja, tumbi ya cika rigar har maɓalli na neman ceto. Ya tsaya a kan masu haƙa yana ba da umarni da ƙarfi, yana nuni da hannu.

“Hagu! Hagu kaɗan! Yawwa, riƙe nan!”

Ƙarar inji ba ta bar su sun ji ko kalma ɗaya ba, aikinsu kawai suke. Mu da muka zo kallo ne muka ji. Abin da Alhaji bai lura da shi ba shi ne, hagun nan da yake ta nunawa, katangar lambun Sallau ce.

Sallau mai lambu maƙwabcinsa ne, kuma ɗalibinsa na gaba-gaba a majalisa. Bai taɓa fashin darasi ba, ba ya musu, sai dai ya gyaɗa kai ya ce, “Ikon Allah!” Rijiya ɗaya gare shi a lambun, da ita yake ba salak da tumatir ruwa. Bohol ɗin Hajiya ya fara aman ruwa, bazara ta yi tsanani, ba a jima ba gugan Sallau ya fara dawowa da yashi. Rijiyoyi da dama a unguwar sun ja baya a bazarar nan, amma su masu su ba su je makarantar Alhaji ba. Sallau ya leƙa rijiyarsa, ya leƙa ta kan katanga ya ga tankin Hajiya yana ambaliya, ya tuna Bakori. Ko hula bai tsaya sawa ba, sai gidan mai unguwa.

Ranar zaman, zauren Mai unguwa Maiwada bai ɗauke mu ba. Majalisa gaba ɗaya ta tashi ta koma can, har mai shayi ya rufe tebur ya biyo mu. Alhaji ya zo da babbar riga, da ɗaya daga cikin hulunan kamfani a kansa. Hajiya Lantana tana daga soro na ciki, wajen matan gidan, labule ne kawai tsakaninmu da ita.

Sallau ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, ni ban zo da rigima ba. Alhaji ya lanƙwaso bohol ɗinsa ta ƙarƙashin katanga ya shanye mini rijiya. Salak ɗina ya kwanta. Ina roƙo a toshe ramin nan, ruwana ya dawo.”

Mai unguwa ya ce, “Sallau, rami kuma ya yi tafiya a kwance? Wa ya gaya maka ana haka?”

“Shi da bakinsa, ranka ya daɗe. Ga shaidu nan cike da zaure.”

Mai unguwa ya dube mu. Wallahi mun so mu rufa wa Alhaji asiri, amma ta yaya? Duk mun ji. Mai shayi ya rantse cewa ya ji labarin Bakori ya fi sau shurin masaƙi. Wani mai faci ya ce shi daga tsallaken titi ma ya haddace shi. Aka zo kan “hagu kaɗan”, mutum biyar suka miƙe lokaci guda suna gwada yadda ya yi da hannu, duk kuwa hannayen suka nufi gabas, inda lambun yake.

Alhaji ya gyara zama, ya yi gyaran murya. “Allah ya ba ka nasara, abin yana da bayani. Ka ga shi wannan kamfani namu, asalinsa wani maƙeri ne...”

“Maraya ko gurgu?” in ji wani daga baya. Zaure ya kwashe da dariya, mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi tsit.

“Alhaji, bar maƙerin nan ya huta,” in ji shi. “Tambaya ɗaya zan yi maka. In ka iya lanƙwasa rijiya, to maganar Sallau ta tsaya, gobe a zuba wa bohol siminti, tunda na ji aikinku ne ma. In kuwa ba ka iya ba, ka faɗa a gaban mutanen nan, kowa ya kama gabansa, Sallau ya je ya yashe rijiyarsa. Ka iya, ko ba ka iya ba?”

Ban taɓa jin tausayin mutum ina kuma danne dariya ba kamar ranar. Alhaji ya dubi labule, inda ƙanƙarar Hajiya da zoɓonta da tankinta suke jiran amsa. Ya dube mu, mu da muka yi shekaru muna ce masa Injiniya. Ya cire hula ya duba tambarin kamar amsar tana jiki, ya mayar. Duk mai hankali ya san abin da zai zaɓa, kalma uku ce kawai, “ban iya ba”, za ta raba shi da masifa. Amma ku ba ku san Alhaji ba.

Ya bugi ƙirji ya ce, “Na iya!”

Daga bayan labule muka ji wani abu ya faɗi, kamar kwano.

Sallau ya ɗaga hannu sama. “Alhamdu lillahi! Ni dama na san Alhaji ba ya ƙarya!”

Mai unguwa ya yi murmushi irin na wanda ya daɗe yana sauraron mutane. “Madalla. To ni ma ba na son a toshe ruwa a bazara. Tunda kai ka lanƙwaso shi, sai ka sake sa jar rigar nan, ka lanƙwasa shi ya koma inda ya fito. Kafin Juma'a nake so Sallau ya ga ruwa. In ya gagara, sai siminti.”

“Ranka ya daɗe, ai kayan aikin suna Fatakwal.”

“Da ka lanƙwaso shi, Fatakwal ka je?”

“A'a, wato... shi lanƙwasowa daban, mayarwa daban. Mayarwa sai an auna kaurin laka, sai an...”

“Kamar miyar kuɓewa,” in ji Sallau, yana taya malaminsa. “Kada ta yi tsululu.”

Nan fa zaure ya rikice. Masu cewa a toshe suna yi, masu cewa a kira masu haƙa daga Zariya suna yi, mai shayi yana ta rantsuwa ba wanda ya tambaye shi. Ana cikin haka sai labule ya motsa, aka yi sallama da murya mai sanyi, irin sanyin da ke sa miji ya nemi takalminsa. Mai unguwa ya amsa, ya sa aka yi shiru.

“Yawwa, Hajiya, gara da kika matso. Ke kika zauna da shi a Fatakwal shekara da shekaru, bohol kuma naki ne. Tsakaninki da Allah, maigidanki ya iya lanƙwasa rijiya?”

Alhaji ya juya wajen labule yana ƙifta ido, yana girgiza kai, har da ɗan tari. Hajiya ba ta ko dubi inda yake ba.

“Allah ya ba ka nasara, tun da aka kai ni gidansa har ya yi ritaya, a kicin ɗin kamfanin nan na san shi. Abu ɗaya na taɓa ganin ya lanƙwasa, taliya ce, ita ma sai ruwa ya tafasa.”