Wasiƙar Nirmin da Turancin Jiddo Marzuk

"Sannu da hutawa, tsohon da ya girmi kujerarsa."

Da hantsi ne, muna zaune ni da maƙwabcina Jiddo Marzuk a ƙofar gidansa a Bur Sa'id ta ƙasar Masar muna cin wake da burodi, sai ga jikarsa Nirmin ta shigo layin a guje da wannan gaisuwa, takardu a hannu, mayafi na neman zamewa. Shekara biyu ke nan tana neman aikin jinya a wani asibiti a Ingila, shi kuma ya yi alkawarin ranar da aka ɗauke ta, shi zai saya mata akwatin tafiya.

"Yauwa amarya. Wa ya biyo ki? Wani saurayin ne ya gan ki da rana ya nemi a mayar masa da zobensa?"

"Tashi mu tafi kasuwa. Ja nake so, mai taya huɗu."

Ya ce ba inda za shi sai ya gani da idonsa. Jiddo ya yi shekara talatin yana gyaran inji a jiragen ruwa, a can ya tsinto Turancin da ya hana unguwa sakat da shi. Ya ɗora tabarau a karan hanci, ya bi wasiƙar da asibitin ya aiko mata da yatsa har layin ƙarshe, sai ya tsaya.

"Hobfuli. Cewa suka yi hobfuli za su gan ki a watan Satumba. Zauna ki huta, ba a ɗauke ki ba."

"Hopefully ake cewa. Baturen da ya koya maka ba shi da haƙora ne?"

"Yana da su, ni na zubar masa."

Nirmin ta dage cewa kalmar fata ce, mutanen suna ɗokin zuwanta. Shi kuwa ya ce ai wannan ita ce insha Allahun Bature, kuma ba irin ta liman ba, irin ta tela ana gobe Salla. Ya kawo labarin wani kyaftin da guguwa ta ritsa da su, ya ce hobfuli gobe suna Malta, sai da suka yi kwana tara a kan ruwa suna cin albasa.

"Bara kwana biyar ka ce."

"Bara ina tausayin ki ne. Da suna son ki da gaske, definitli za su rubuta. Wannan ita ce kalmar da ke tsaye da ƙafafunta."

"Kai da ko sunan maganinka ba ka iya karantawa?"

Ta ja kujera ta zauna a gabansa, ta ce yau za ta sa shi a aji. In kalmar ta zo a farkon magana, fatan mai maganar ne take ɗauke da shi. In kuwa ta biyo bayan aiki, yadda mutum ya yi abin take nunawa, wato cike da sa rai. Jiddo ya nemi misali.

"Irin kallon da kake yi wa farantin kunafa tun da likita ya hana ka zaƙi."

"Sharri. Gaisawa kawai muke yi."

Ni dai na ƙware da shayi. Amma na lura yatsan Jiddo bai bar kan layin nan ba, murya kuma ta ɗan sauka. Ya ce mata shi ba rowa yake yi ba, ba ya son ta sa rai ne a kan kalmar da ba ta da gindi, a zo a karya mata zuciya. Sakin layi na biyu ma ya ce sai ta ci jarrabawar harshe tukuna.

Nirmin ta danne dariya. "To saura kalma ɗaya a darasin. Luckily, wato an yi sa'a. Ita ba a faɗin ta sai alherin ya riga ya faru."

Ta zaro takardar da ta ɓoye a ƙarƙashin sauran. Sakamakon jarrabawar ne, da safen nan ya fito, ta ci har da rara.

Jiddo ya karanta sau biyu. Ya miƙe tsaye, mutumin da kan yi minti guda kafin ya rabu da kujera, ya ƙwala wa mai shagon tsallake kira cewa jikarsa za ta je yi wa Turawa allura. Ya faɗa cikin gida, muna jin yana jan kaya, ya fito da wata jibgegiyar rigar sanyi ta ma'aikatan jirgi, ya yafa mata a tsakiyar zafin Agusta.

"Jiddo, ƙarnin kifin shekara arba'in ne a jikinta."

"Shi zai kore miki samarin can. Sanyinsu ba ya wasa, ni na san shi."

Ta zura hannuwa, suka ɓace a ciki, zufa na keto mata, amma ba ta cire ba. Ta tambaye shi wa ya fi wani Turanci yanzu. Ya fashe da dariya har tabarau ya faɗo cinyarta.

"Kin kayar da ni, amarya, amma da kalma ɗaya tak. Ɗauko mini sandata, kasuwa ta gan mu."