Ranar da Na Yi wa "Damisar Kan Iyaka" Sharhi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na karanta sharhin fim a gaban ƙungiyar marubutan yankinmu ba. Ko da ma na so in manta, akwai mutum talatin da 'yan kai da suka ɗauki nauyin tuna mini, kyauta, duk inda muka haɗu.

Ni malamin adabin Hausa ne a wata sakandare a Gumel, na kusa shekara ashirin da alli a hannu. Ƙungiyar tamu ba wata babba ba ce: malaman makaranta, ma'aikatan ƙaramar hukuma, da 'yan masu rubuta waƙa, daga Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Wata-wata muke haɗuwa, kowa ya karanta abin da ya rubuta, a yabe shi a gabansa, a ci namansa a hanyar komawa gida. A shekarar nan shugabanmu ya ajiye aiki ya koma gona, kujera ta zama ba kowa, ni kuma ina son ta. Ba zan ɓoye ba, na so ta har na ɗinka sabuwar riga. Abokin takarata shi ne Malam Sabo na Sule Tankarkar, mutum mai sanyin magana da wani murmushi da ba ka sanin inda ya dosa. Ƙa'idarmu kuwa, ranar zaɓe kowane ɗan takara zai karanta rubutu guda na kansa, sannan a ɗaga hannu.

Saura mako biyu, ban da abin karantawa. Sai wata rana da la'asar na tsaya wajen masu tura fina-finai a waya a bakin tasha, na ga hoton wani sabon fim a manne: "Damisar Kan Iyaka". Aka ce samarin Maigatari ne suka yi. A hoton akwai saurayi da baƙin tabarau, bindiga a kowane hannu, wuta na ci a bayansa, da jirgi mai saukar ungulu a samansa (jirgin nan bai fito a fim ɗin ba ko na daƙiƙa ɗaya, na duba). Na sa aka tura mini.

Fim ɗin ya fara da jerin sunaye da godiya. Kun san halin 'yan fim ɗinmu, sai sun gode wa kowa, tun daga mai unguwa har wanda ya ara musu tabarma. Na ga abin zai ci minti shida, ni kuwa mutum ne mai darajar lokaci, sai na sa yatsa na ja, na tsallake.

Abin da na gani bayan haka ya fi ƙarfin kwatance, amma zan gwada. Wai wasu 'yan fasa-ƙwauri ne suka sace wata jaka mai ɗauke da "sirrin ƙasa", suka kashe yayan jarumi, shi kuma ya rantse sai ya rama, ya dawo da jakar. Bindigogin na katako ne, da baki ake yi musu ƙara kafin a sa musu ta inji, don haka kowane harbi sau biyu kake jin sa. Jinin zoɓo ne, har da ɗan ganyensa a kwalar wani da aka harbe. Wannan da aka harbe ɗin ya faɗi, ya mutu, sannan ya ɗaga hannu a hankali ya gyara hularsa. An rubuta "Hedikwatar Miyagu, Ƙasar Waje" a ƙasan hoto, sai ga shagon ɗinki na Gagarawa Tasha inda na sha kai wandona, an lulluɓe keken da zani. Bam kuwa gwangwanin madara ne aka ɗaure wa agogon hannu da kyauro. Da aka zo tseren ƙarshe, shugaban miyagu ya gudu a adaidaita sahu, jarumi ya bi shi a babur, sai ga ayarin raƙuma zai shiga kasuwar Alhamis. Dukansu biyu suka tsaya, mai gudu da mai bi, har raƙumin ƙarshe ya wuce, sannan suka ci gaba.

Na yi dariya har matata ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Na ce mata lafiya lau, na samu kujera.

Kwana uku na yi ina wasa alƙalami. Kuma na yi dabara irin ta masana: na yafe musu duk abin da rashin hali ya jawo. Na ce katako ba laifi ba ne, zoɓo ba laifi ba ne, raƙumi ma yana da haƙƙin hanya. Inda na dira shi ne kan labarin, domin labari ba ya buƙatar komai sai biro da takarda da ɗan tunani. Me ke cikin jakar? Har fim ya ƙare ba a buɗe ta ba. Yayan jarumi da aka kashe a Sule Tankarkar, wanda saboda shi ake duk wannan ramuwa, me ya dawo da shi a tsakiyar fim a matsayin jandarma, ba tare da kowa ya yi ko salati ba? Me ya sa jarumi ya tsallaka iyaka sau huɗu, 'yan duwan, wato kwastan ɗin tsallake, ba su tambaye shi ko takardar babur ba? (Duk wanda ya taɓa tsallakawa da buhun gero ya san wannan shi ne babban tatsuniyar fim ɗin.)

Na saki rabin sharhin a zauren ƙungiyarmu na waya don ɗanɗano. Kafin magariba ya zaga gari. Washegari mai shayi ya ƙi karɓar komai a hannuna, firinsifal ya kira ni ofis ya ce in sake karanta masa wurin raƙuman. Malam Sabo ma ya turo saƙo cewa wannan aiki ne na gwanaye, yana fatan zan karanta shi gaba ɗaya ranar zaɓe, kada in rage ko layi. Na ɗauka sallamawa ce.

Ranar Asabar da hantsi muka cika wani aji a wata firamare a Gumel. Uban ƙungiya, wani tsohon hedimasta da muke kira Baba, yana zaune a gaba da sandarsa. Malam Sabo ya fara, ya karanta wata waƙa a kan ruwan sama, aka tafa masa tafin ladabi. Sai ni.

Jama'a, na yi karatu a ranar nan. Na san inda zan dakata, na san inda zan cire tabarau. Da na kai kan hular mamaci, wani ma'aikacin gona daga Gagarawa ya zame daga benci. Baba yana buga sanda a ƙasa yana share hawaye. Na ji sabuwar rigata ta yi mini daidai. Sai na zo sakin layin da na ɓoye wa kowa, na ƙarshe, na rage murya kamar mai yanke hukunci:

"Ba na zargin yaran. Ina zargin duk wani mai ilimi da aka nuna wa wannan labari ya bari ya fita. In akwai shi, a karɓe takardar shaidarsa ta karatu, a naɗe masa ƙosai a ciki, domin a nan ne kawai za ta yi wa al'umma amfani."

Ajin ya ɗauka da dariya. Na zauna ina jin kujerar shugabanci tana tahowa da ƙafafunta.

Malam Sabo ya miƙe a hankali. Ya ce wa Baba, ransa ya daɗe, tunda an yi shari'a, adalci ne a ji ta bakin wanda ake tuhuma, kuma cikin ikon Allah ya gayyato daraktan, yana nan a baya. Wani mutum ya taso daga bencin ƙarshe, dogo, da ɗan gemu, riƙe da leda. Sai da ya matso na gane shi. Nura ne, tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake gyaran waya a kasuwar Maigatari. Ya durƙusa ya gaishe da Baba, ya juyo ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi iyali.

Da faɗa ya zo yi, da na ji daɗi, don na iya faɗa. Godiya ya zo yi. Ya ce tun da sharhina ya fita, masu tura fim ba su huta ba, har daga tsallaken iyaka ana zuwa nema, kowa yana son ya ga raƙuman. Sannan ya buɗe ledar, ya fito da wani littafin rubutu mai shafi tamanin, bangonsa ya sha hannu.

"Allah ya gafarta Malam," ya ce, "wancan mai ilimin da ka ce a nemo, ai ba sai an wahala ba. Ga abin da ka rubuta mini."

Ya miƙa wa Baba. Baba ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi, da muryar da ya shekara talatin yana kiran sunayen waɗanda suka faɗi jarrabawa: "Na karanta daga farko har ƙarshe. Labari ne mai ma'ana da tsari. A gaggauta fitar da shi." Ƙasa da haka ga sa hannuna da jan biro, mai wutsiyar nan da rabin mutanen ajin suka sani a kan takardunsu ko na 'ya'yansu.

A nan na tuna. Shekara biyu da suka wuce, a makon gyaran jarrabawa, takardu sun yi mini tsibi a tebur, Nura ya shigo ɗakin malamai da littafin nan ya ce in duba masa wani labari. Na ce ya dawo jibi. Da ya dawo, littafin yana inda ya ajiye shi, na ɗora kofin shayi a kai. Kunya ta hana ni cewa ban buɗe ba. Sai na yi abin da kowane malami ya iya da ido rufe: na buɗe shafin ƙarshe, na ja jan biro, na rubuta kalmomi masu daɗi, na sa hannu. Mu malamai haka muke sallamar littafi in ya yi yawa. Ba mu taɓa tsammanin wani zai gaskata mu har ya ari kyamara ba.

Nura bai gama ba. Ya ce da ma ya yi niyyar kai labarin Kano wani ya gyara masa, amma da ya ga abin da Malam ya rubuta, sai ya hana kowa taɓa ko harafi. Kuma ya sa sunana a farkon fim, shi kaɗai a allo, da manyan baƙaƙe, har da sunan mahaifina da makarantar da nake koyarwa: "Wanda Ya Tace Labari". Ya ce ya yi mamaki da ban ambata ba, amma ya san tawali'u ne irin na Malam.

Ban san aji zai iya yin shiru haka ba, ni da na shekara ashirin ina roƙon aji ya yi shiru. Malam Sabo yana kallon rufi kamar yana ƙirga azara. Na duba ƙofa, ta yi nisa. Na yi tunanin in ce ba hannuna ba ne, sai na hango mutum uku da na taɓa sa wa hannu a takardar neman aiki. Gumi ya jiƙa sabuwar riga tun daga wuya.

Ban san daga ina ƙarfin ya zo ba. Na miƙe, na roƙi Baba ya ba ni littafin, na ce sharhina bai cika ba, akwai ɗan wasa ɗaya da na manta, kuma shi ya fi kowa lalata fim ɗin. Na juya na fuskanci jama'a na yi wa mai tace labari sharhi, da ka, ba takarda. Na ce wannan mutum ya fi mamacin nan iya wasa, domin mamaci ya motsa hannu sau ɗaya a fim, shi kuwa ya motsa hannu sau ɗaya ya kashe fim gaba ɗaya. Na ce bindigar katako ta fi jan bironsa gaskiya, don ita kowa ya ga ta katako ce. Na faɗi maganar kofin shayi, ban rage ba. Sannan na juya wajen Nura na ce ya yafe mini, shi ya kawo aikinsa da amana, ni na ba shi yabon ƙarya, kuma da na karanta a lokacin, da yayan jarumi bai tashi daga kabari ya shiga aikin jandarma ba.

Nura ya sunkuyar da kai ya ce ba komai, Malam. Sai mutumin Gagarawa ya tambaya daga ƙasa, inda yake zaune har lokacin, ko a aika a sayo ƙosan ne, ko Malam zai kawo takardar tukuna. Dariyar da aka yi ta ninka ta farko, kuma wannan karon har da Malam Sabo, wanda ya riƙe ciki yana cewa wallahi bai shirya wa wannan ba.

Baba ya buga sanda ya ce masu so na su ɗaga hannu. Ban kalla ba, takalmina nake kallo. Sai na ji ya ce ba sai an ƙirga ba. Na ɗago, na ga hannuwa kamar gonar dawa, har da na Malam Sabo, ko da yake nasa bai wuce kafaɗa ba. Baba ya ce ya daɗe yana ganin masu yi wa wasu bulala, yau ya ga wanda ya kwanta ya tsula wa kansa, irin wannan ake so a kujera. Amma, ya ce, sabon shugaba yana da aikin farko. Ya yafito Nura. Nura ya sake sa hannu a leda, ya fito da littattafai uku: kashi na biyu.

Na karanta su, shafi-shafi, mako uku cur. Mun zauna da Nura sau biyar a rumfarsa ta gyaran waya, muka yi ta gardama, na ci wasu, ya ci wasu (ya ƙi yarda a cire jirgin daga hoto, ya ce shi ke kawo masu kallo, kuma na fara zargin ya fi ni sanin sana'arsa).

Yau ni ne shugaban ƙungiya, kuma ni ne malamin da ya fi kowa jinkirin mayar da littafi a duk makarantarmu. Ɗalibai suna ƙorafi, firinsifal yana ƙorafi, ko takardar gayyatar suna aka miƙo mini sai na juya bayanta. Abin da na koya shi ne, in za ka tsaya a gaban jama'a ka tambayi wane sakarai ne ya bari aka yi wannan aiki, ka fara tambayar kanka a gida, a ɗaki, ƙofa a rufe. Wani lokaci amsar tana da sabuwar riga.